Hannuwan Mardiya a Ƙirji

Wallahi ban hau jirgin ƙasa daga Lyon zuwa Paris don kallon coci ba. Mardiya na je ɗauka ta yi hutu a wurina, 'yar ƙanena Ilya, Allah ya jiƙansa. Amma uwarta Judith, Ba'amurkiyar nan mai murmushin da ba ya kai wa ido, ta ce sai dai in same su a cocinsu na Episkopal. Tun rasuwar Ilya abu guda ke hana ni barci: kada matar nan ta fitar mana da yarinya daga Musulunci.

Na zauna can baya ina hararar kowa. A tashi, a zauna, a durƙusa, kai, ko limaminsu ma mace ce! Can suka hau gaisawa da juna, wani tsoho ya miƙo mini hannu, na kalle shi har ya mayar da abinsa.

Sai suka yi layi zuwa gaba. Kowa ya durƙusa ya buɗe tafin hannu a sa masa ɗan burodi, ya kurɓi abin da ke cikin kofi. Kwatsam na hango Mardiya a durƙushe cikinsu, ta gitta hannuwanta a ƙirji. Kuros ƙiri-ƙiri a jikin jinin Ilya! Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na isa gaban ba. Na fizgo ta.

"Tashi, mara kunya! Ubanki bai ruɓe a kabari ba kin sayar da shi!"

Judith ta taso, na nuna ta da yatsa na ce ta matso ta gani.

Mardiya ta ƙwace hannunta. "Gwaggo, wanda ya naɗe hannu haka, cewa yake ba ya karɓar burodin, shi ba ɗan addininsu ba ne. Tun da Baba ya rasu haka nake yi duk Lahadi, Mama na kallo, ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ke ce kika fara zagina."



Ta juya ta koma inda na ɗauko ta, ta durƙusa. Ta waiwayo ta dube ni ido cikin ido, sannan ta buɗe tafin hannuwanta.