Wuyan Ghali

Zulaihat ta sake tallabe kan Ghali da ya langaɓe mata a kafaɗa, ta matso da kujera kusa da teburin likita. Yaron ya wuce shekara biyu, ko zama bai iya ba, balle tsayuwa. Su kuwa mutanen Burumburum tuni suka gama shari'a: kwanika ta yi, yaro ya sha ciki. Surukarta Inna ce alƙaliya, ita ce kuma mai magani. Kullum da sassafe sai ta ɗura masa dauri, ta gasa masa ƙafafu da man shanu, tana cewa da zarar mugun nonon ya fita daga jikinsa zai miƙe. Zulaihat ta haɗiye gorin, domin a ƙarshensa akwai ranar da ɗanta zai taka ƙasa.

Likitan ya juyo mata da wayarsa. Sakamakon jinin da aka aika nesa ne ya dawo. Ta ga wani abu mai launi-launi a lanƙwashe kamar lauje.

"Wannan furotin ne, yana jikin kowa," in ji shi. "Shi ke kama tantanin da ya lulluɓe ƙwayoyin tsoka, ya lanƙwasa shi ya zama 'yan hanyoyin da umarnin motsi ke bi. Na Ghali bai ginu daidai ba, ba ya iya riƙe tantanin."

"To nonon ne ya ɓata shi?"

"Babu ruwan nono, Malama. Da shi aka haife shi. Rabi daga gare ki, rabi daga mahaifinsa, kuma ba wanda ya isa ya sani. Ba ki yi laifin komai ba."

Ya faɗa da murmushi, shi a ganinsa kyauta ya ba ta. Ita kuwa sai ta jefo masa tambaya.

"Likita, a ina ake gyara shi?"

Ya kife wayar a kan tebur. Ya yi maganar motsa jiki, da kula da numfashi, da masu bincike a ƙasashen waje da har yanzu suke nazarin siffar abin. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ji inda ya ce Ghali zai yi tafiya ba.

A mota ta yi kukanta a cikin mayafi, tun daga Kwanar Dangora har Tudun Wada. An wanke ta tas, amma ba ta taɓa jin ba ta da dabara irin ta yau ba.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana fifita garwashi.

"Sannu da hanya. Me ya ce?"

Zulaihat ta dubi tsohuwar, ta dubi ƙafafun Ghali da ke lilo a gefen zaninta.

"Yadda kika faɗa ne, Inna," ta ce. "Cikin ya sha."

Ta kwance goyon ta miƙa mata shi.