Fankar Baba Bushiya

Layin nan ya daɗe bai samu abin magana mai daɗi ba, sai da fim ɗin bushiya ya fito. Katun ne, irin zanen nan mai motsi da ake kai yara su kalla, amma kafin sati ya zagayo manya sun ƙwace shi daga hannun yaran. Mai aski ya gani. Tela ta gani har sau biyu. Mai kanti ya ja ƙofarsa da rana tsaka ya tafi. Duk wanda ya dawo kuwa sai ya rage tafiya a ƙofar shagon Mai Fanka, ya leƙa, ya toshe baki ya wuce.

Mai Fanka dattijo ne gajere, gashin kansa a tsaitsaye kamar burushi, shekara talatin da 'yan kai yana gyaran fanka a ɗan shagon da ke jikin gidansa. Kowa ya haddace halinsa. In ya kwance fanka, sukurorin a murfin gwangwani yake jera su bi da bi, na ƙarshen ya maƙale a gefen baki. Tabaransa da waya yake ɗaure. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Kuma tunda Allah ya yi shi bai taɓa yaba aikin kowa ba. Ko sabuwar fanka ka ciro daga kwali, zai kara kunne ya ce tana da ƙara.

To, uban bushiyar da ke fim ɗin haka yake, tun daga tabaran har murfin gwangwanin. Kuma wadda ta zana shi ba kowa ba ce, Auta ce, 'yar Mai Fanka ta cikinsa.

Shekara biyu ke nan uba da 'ya ba sa magana. Ya sa ta karatun haɗa magunguna, ta kai aji uku ta ajiye, wai ita zane za ta yi. Ranar da ta haɗa kaya ya ce mata ba zai taɓa ɗaga waya ya neme ta ba, ita kuma, da yake jinin ɗaya ne, ta ce ba za ta tako gidan ba sai ya neme ta. Kowa ya riƙe tasa kamar an ba shi ajiya.

A kujerar aski labarin ya same shi, wurin da mutum ba ya iya gudu. Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna inji, sannan ya fara da cewa shi ba mai kawo magana ba ne. Daga nan ya kawo ta duka. Ya ce yara a silima har faɗuwa suke daga kujera don dariya duk lokacin da Baba Bushiya ya yi gyaran murya. Ya ce akwai inda Baba Bushiyar ya zauna a kan ƙayarsa. Ya ce shi da 'yarsa ce ta mai da shi abin dariyar gari, da ko gaisuwarta ba zai ƙara amsawa ba.

"Maigida, an zana ka," in ji shi, yana tanƙwara masa kunne. "Har kunnen nan an sa."

Tela tana ɗinki a shagon da ke kusa, katako ne kawai tsakaninsu, sai ga ta da almakashi a hannu. Ta ce mai aski barci ya yi a rabin fim ɗin, kowa ya ji munsharinsa. Ta ce ita sai da ta jiƙe gefen mayafinta da hawaye, kuma ba ta taɓa ganin 'ya ta girmama uba haka ba. Mai aski ya ce in girmamawa ke nan, Allah ya raba shi da ita. Suka kaure da musu a kan Mai Fanka, rabin kansa a aske, rabi a tsaye, shi kuwa ya cire ƙyallen ya tashi haka nan.

A gida ma bai tsira ba. Ya tarar da Yayarsa ta zo takanas, ta shimfiɗa ƙafa a tsakar gida, tana faɗa wa matarsa cewa ita ta lalata yarinyar da shagwaɓa. Yaya ba ta ga fim ɗin ba, amma ta fi kowa sanin abin da ke ciki. Ta ce an ce har akwai wata tsohuwar agwagwa mai surutu, kuma in ta tabbata ita ce, za a ji su. Matarsa tana tsinke zare daga bakin zani, ta ce agwagwar ba ta kai Yaya ƙiba ba. Nan Mai Fanka ya gane ashe ita ma ta je ta gani a ɓoye.

Da Yaya ta shiga ɗaki, matar ta biyo shi shago ta rage murya. Auta ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa, shekara uku, kuma ranar Asabar jirginta zai tashi. Auta ta ce in Baba ya kira ta da bakinsa, za ta zo ta kwana biyu a gida ta yi sallama. In bai kira ba, daga can za ta wuce.

"Yau Laraba, Baban Auta," ta ce. Ta ajiye tikitin silima a kan teburin, daidai gefen murfin gwangwani, ta fita.

Ya wuni yana naɗa waya a kan wata tsohuwar fanka, yana warwarewa. Idan ya kira, mai aski zai ce an ci mutuncinsa kuma ya bi da godiya. Idan bai kira ba, shekara biyu ta koma biyar, shi kuma gwiwarsa ta fara gaya masa shekarunsa. Bari dai ya gani da idonsa. Ba don komai ba, don ya san irin ƙarar da zai ce abin yana da ita.

Alhamis da la'asar ya sa hula ya rufe gashin, ya ce zai je sayen kayan aiki, ya bi ta bayan layi. Ka san layi. Kafin ya kai bakin titi tela ta rufe keke, mai aski ya sallami mutum biyu da gemunsu, Yaya ta ɗauko jaka tana cewa a jira ta. Da ya zauna a kujerarsa a silima ya waiga, sai ya ga layin gaba ɗaya a bayansa, masu cewa zagi ne a hagu, masu cewa yabo ne a dama, matarsa a tsakiya tana kallon sama kamar ba ita ta tsegunta ba.

Aka kashe fitilu. Sai ga Baba Bushiya ya cika bango, tabarau ɗaure da waya, sukuru a gefen baki. Ya yi gyaran murya sau biyu, yara suka fashe. Mai Fanka ya ji nasa gyaran muryar ya taso, ya haɗiye shi da ƙyar. Ɓera ya kawo wa bushiya sabuwar fanka, bushiya ya kara kunne ya ce tana da ƙara, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu amsawa tare da shi. Mai aski ya miƙo kai ya ce, "Ka gani ko?" Agwagwa ta shigo tana rangaji tana ba da labarin maƙwabta, Yaya ta ce wallahi ɗaurin ɗankwalinta ne, a riƙe ta. Ba wanda ya riƙe ta, ita ma ba ta tashi ba, don tana son ta ga abin da agwagwar za ta ce gaba.

Shi kuwa Mai Fanka idonsa na kan hannun bushiyar. Yadda yake jera sukurori, yadda yake goge ƙarfe da gefen riga, yadda yake taɓa fanka da bayan yatsa ya ji ɗuminta. Ba wanda zai san wannan sai wanda ya zauna a ƙarƙashin tebur shekara da shekaru yana kallo. Da can yakan ɗauka wasa Auta take yi da guntayen waya.

Sai aka zo wurin da tela ke kuka. 'Yar bushiya ta kwanta da zazzaɓi, rana ta take, wuta ta ɗauke. Uban ya ciro hannun wani tsohon keken ɗinki, ya haɗa shi da fanka da ɗan bel, ya zauna a bakin gado yana juyawa da hannu. Inuwa ta tashi daga wannan bango ta koma wancan, yana juyawa. Ɗakin silima ya yi tsit. Mai Fanka ya ji kafaɗarsa ta dama ta amsa, don ta tuna. Auta tana da shekara shida a lokacin, kuma ya rantse idonta a rufe yake.

Aka matso da hoton kusa da fuka-fukan fankar, suna juyawa a hankali. Ya gyara tabarau. Ya ƙara gyarawa. Ya miƙe tsaye, hular ta faɗi, inuwar gashinsa ta hau bango daidai kusa da ta bushiyar.

"Baya take juyawa!" ya ce da ƙarfi. "Fankar nan baya take juyawa!"

Aka yi ta cewa Baba a zauna. Wata yarinya ta nuna shi ta ce wa uwarta ga Baba Bushiya na gaske, kan ka ce me rabin ɗakin ya juyo, wasu har da tafi. Shi bai ma ji ba. Yana nuna bango yana bayani: dubi yadda aka karkata fuka-fukan, in suka juya ta wannan hannun iskar baya za ta tafi, bango za ta yi wa fifita, yarinyar ko ɗigo ba za ta samu ba. Shi da ya yi abin da hannunsa, sai da ya murɗa bel ɗin kafin iska ta fito gaba. Matarsa ta jawo rigarsa ya zauna, amma bai daina gunaguni ba har aka kunna fitilu.

A waje jama'a suka kewaye shi, kowa na son ya ji hukunci. Mai aski ya ce ya faɗa musu zagi ne. Tela ta ce ya ji tsoron Allah, ta ga lokacin da ya share ido. Yaya tana tambayar kowa ko agwagwar ta fito da kyau. Mai Fanka ya ratsa su ya miƙa wa matarsa hannu, ya ce ta ba shi waya. Ta fara lalubo lambar, ya karɓe ya danna da kansa, lamba bayan lamba, bai tsaya tunani ba. Matar ta kalli tela, tela ta kalli mai aski.

Ƙara ɗaya aka ɗauka. "Mama?"

Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ke," ya ce. "Wa ya koya miki fanka tana juyawa haka?"

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Fuka-fukan na kallon nan, ke kin juya su can. Shekara nawa kika yi a shagona? Ai sai ki sa mutane su ce ban san aikina ba."

Da yake wayar matar irin mai amo ce, duk wanda ke kusa ya ji dariyar Auta, dariya mai haɗe da majina. Ta ce mutum arba'in ne suka duba wurin nan a ofishinsu, ba wanda ya gani. Ta ce da farko daidai ta zana shi, har da murɗin bel ɗin, sai daga baya ta koma ta juya.

"Da gangan?"

"Baba, da na yi shi daidai, za ka kira ni?"

Mai Fanka ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Jama'a sun matso har yana jin numfashin mai aski a ƙeyarsa.

"Ki zo gobe," ya ce. "Ki taho da takarda da fensir, in nuna miki yadda ake yi."

"Ai na sani, Baba."

"Ki zo dai. Motar safe."

Matarsa ta saki wata ƙara ta rungume tela, Yaya ta ƙwace wayar tana cewa a gaya wa yarinyar nan agwagwa tana jiranta, kuma a fim na gaba a rage mata baki a ƙara mata tsawo. Mai aski ya ce ai ga shi, magana ta fito, mutumin da kansa ya ce fim ɗin da kuskure. Tela ta ce kuskuren da ya kawo 'ya gida, Allah ya ba ta irinsa goma. Haka aka taho da musun har layi, kuma har yau ba a gama shi ba, don mai kanti ya koma ɓangaren tela, matar mai aski ma haka, abin da ya sa kwana biyu ba a ga fara'a a shagon aski ba.

Shi dai Mai Fanka bai tsaya sauraro ba. Yana isa gida ya ɗauki sukudireba da murfin gwangwani ya nufi ɗakin Auta, wanda aka rufe shekara biyu. Matarsa ta leƙo ta ce fankar ɗakin lafiyarta lau, ita take kunnawa duk sati. Ya hau kujera, ya kara kunne, sukuru a gefen baki.

"Tana da ƙara," ya ce.