Tawada Biyu

Malam Nasiruddeen na Sabon Birni ya ɗora wa kansa doka: kullum bayan sallar asuba sai ya rubuta shafi ɗaya na tarihin makarantar kakanninsa. Dokar ba ta da laifi. Laifin yana ga mutumin da ya ɗauki shafinsa ya fi komai.

Tawada biyu gare shi. Akwai ta kurtu, ta gawayi da ƙaro, wadda yake rubutun sha da ita. Akwai kuma shuɗiya ta kanti a kwalba, don takarda, an ma zana alamar guba a jikinta.

Matarsa Mas'uda tana Kamarawa ta ƙasar Isa wajen iyayenta tana wankan jego, da ɗansu na fari Zaidu. Tun haihuwar, yau aike, gobe zuwa dubiya, shafi ya yi ta tsallakewa. Ran nan ya samu hannunsa ya saki, yana tsakar rubutu sai ga Is'haƙa mai babur da saƙon surukarsa.

"Malam, Inna ta ce yaro ya kwan kuka, ciki na murɗa mai. A yi mai rubutu."

Bai ajiye alƙalamin ba. Ya jawo allo ya rubuta ayoyin, zuciyarsa na can ga jimlar da ya bari. Ya wanke, ya ɗura a gora, ya sallami Is'haƙa, ya koma takardarsa.

Sai da hantsi ya dubi allon. Shuɗi ya kama katakon ya ƙi fita. Ya leƙa kurtu, a bushe yake ƙayau.

Ya kira wayar Mas'uda, ba ta shiga ba. Ta Is'haƙa ma haka. Ya ari babur ya kama hanyar Isa, hanyar da yanzu ba mai binta sai dole saboda 'yan bindiga. Duk ramin da ya faɗa, ɗan bakin Zaidu yake gani da cokali a ciki.

Ya tarar da surukarsa a tsakar gida tana iza wuta. Ya durƙusa, bai tsaya gaisuwa ba.

"Inna, rubutun nan, an ba shi?"

"Tun ɗazu na miƙa wa uwarsa. Ka ga har ya yi barci, albarkar ayar."

Barci. Ya faɗa ɗakin ba sallama, ya ɗauki yaron, ya kanga kunne a ƙirjinsa. Zaidu ya motsa, ya tsala ihu.

"Malam, lafiya? Za ka kashe ni da tsoro!" in ji Mas'uda.

Ya gaya mata. Ta jawo gorar daga bayan kwalla. Cike take.

"Na ji warinta ba irin na kullum ba," ta ce a hankali, tana duban ƙofa. "Kuma gaskiya, ban taɓa ba yaron nan rubutu ba. A asibiti an ce nono kaɗai. Ni ke shanyewa, ya samu ta nono. Kar ka hwaɗa wa Inna."

Da wata rana ce da ya yi faɗa, don an ɓoye masa. Yau ba shi da bakin. Ya zauna a tabarma, yaron na tsala kuka a kafaɗarsa.

"Miƙo shi, yunwa ce," in ji Mas'uda.

"Bari tukuna," ya ce. "Bar shi ya yi kukan, ina son ji."