Ranar da Na Ƙi Amsa Sunana

Kwana uku muna tafe a motar mahaifinmu Abah, muna kafa tanti a gandun dajin bakin teku. Doka ɗaya Kaka ta ba mu: a daji ba a kiran mutum da sunansa, wanda kuma ya ji an kira nasa kada ya amsa. Shi ya sa yayana Firdaus yake ce mini Tabarau, saboda gilashin ido da nake sawa.

Da la'asar na ɗauki littafina na hau wani dutse a tsakiyar yashi. Can sai na ji daga cikin itatuwa: "Mastura!"

Na ƙura wa shafin ido, na ƙi waiwayawa.

"Mastura!" Muryar Abah ce sak. Ai Kaka ta ce aljanun daji da muryar naka suke kiranka.

Sai da sanyi ya taɓa ƙafata na duba ƙasa. Ruwan teku ya taso, yashin da na biyo ya ɓace.

"Ke Tabarau, kin kurmance ne? Miƙo hannu!"

Na waiwaya. Firdaus ne, ruwa har ƙirjinsa, Abah na bayansa riƙe da igiya. Na saki littafin na cafke hannunsa.