Shayin Jan Maɓalli

Kwananta tara kacal a kamfanin kujeru ta danna jan maɓallin tsayar da aiki, injina duk suka yi tsit. Sabuwa ake ce mata, don ba wanda ya riƙe sunanta tukuna. Aikinta karɓar katako ne a bayan babban zarto, kuma wata guda aka ba ta na gwaji. In aka sallame ta, ita da 'ya'yanta uku sai yadda Allah ya yi, don tun rasuwar mijinta nan kaɗai aka ɗauke ta aiki.

Manaja, ƙanin maigidan kamfanin, ya fito daga ofis kamar an jefo shi. Ga mota a ƙofa tana jiran kujerun makaranta, direba sai danna hon yake.

"Wa ya tsayar mini da aiki?"

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ƙarar zarton na ji ta canza, yana wani ƙis-ƙis."

"Ƙis-ƙis! Kwana tara har kin san kukan zarto? Baba, duba mana."

Baba makanike, tsohon da magana ke yi wa wuya, ya kwance murfi, ya taɓa nan ya taɓa can. Minti arba'in cur! Daga ƙarshe ya zaro ɗan guntun katako da bai kai farce ba. Zarto kam lafiyarsa ƙalau.

Wayyo, kunya da tsoro suka rufe ta. Ba ta jira a kore ta ba, ta fara kwance igiyar rigar aikinta.

Sai ga maigida tafe da kofin shayi, ya maƙale shi tsakanin babban yatsa da ƙaramin, su kaɗai suka rage masa a hannun dama. Mai Yatsu Bakwai ma'aikata ke kiransa a bayan ido, shi ma ya sani, dariya kawai yake yi.

"Ƙanwata, ke kika danna? Sukari biyu na sa, ya isa?"

"Ranka ya daɗe, ba a sami komai ba. Kuskure na yi."

"To madalla. Karɓi, hannuna ya gaji. Dokar gidan nan ce, duk wanda ya danna, ni ke haɗa masa shayi."

"Haba Yaya!" in ji manaja. "Na uku ke nan a watan nan, duk a banza. Ga mota na jira!"

"Ba direban shayi shi ma. Kujera ana yin wata. Ka taɓa ganin kantin da ake sayar da yatsu?"

Ya juyo gare ta. "Shekara ashirin da suka wuce ni ma a bakin zarto nake, a wani wuri. Na kusa da ni ya ji ƙarar ta canza. Amma maigidanmu korar duk wanda ya tsayar da inji yake yi, sai mutumin ya ja bakinsa ya yi shiru. Ba a yi minti biyar ba..." Ya ɗaga hannun, ya sauke. "Ɗaura rigarki. Mai kunne irinki nake nema."

Ya ja ƙaninsa suka nufi wajen direba. Ita kuwa farin ciki ya sa ta hawaye. Da ta ɗan natsu sai haushi ya taso mata, ta dubi Baba yana mayar da murfi.

"Amma wancan da ya yi shiru bai da imani, Baba. Ta yaya ma ya iya barci?"

Baba ya ɗaure ƙusar ƙarshe kafin ya ɗago.

"Bai iya ba, 'yata. Ni ne. Shekara shida ina kauce wa hanyar maigida. Ranar da zai buɗe wurin nan har gida ya same ni, ya ce ni zan kafa maɓallin da hannuna, a inda kowa zai kai." Ya goge hannunsa da tsumma. "Sha shayinki kar ya huce. In kin sake jin ƙis-ƙis, ki danna."