Ƙwallon Gilashi a Kan Teburin Tsakiya

A kantin kayan kicin da ke bakin babban titi, abin da ke tsayar da masu wucewa shi ne teburin tsakiya. Irin teburin nan ne da ake kafawa a tsakiyar kicin, durowoyi a ƙasa, dogayen kujeru a gefe, uwar gida na yanka albasa a wannan ɓari, yara na karya kumallo a wancan. Yana nan bayan gilashin gaba yana kallon titi. Kafintan kantin ne ya ƙera shi, kuma shi ne aikinsa na ƙarshe kafin ciwon rawar hannu ya zaunar da shi a gida. Mai kantin da bakinsa ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, na talla ne, mutum ya gani ya ce a yi masa irinsa.

Matar Kafinta ce ke yi wa teburin ado. A kantin kowa Anti Tsaf yake ce mata, domin ko cokali aka ajiye a karkace sai ta taso daga inda take ta miƙe shi. Shekara bakwai tana wannan aiki. Idan damina ta faɗi, sai ta cika teburin da ɗanyen ganye da fararen furanni. Da kaka ta kawo busassun zangarniyoyi a tulun ƙasa, ta zuba jajayen 'ya'yan itace a akushi. Lokacin sanyi kuwa butar shayi ce da kofuna shida da ɗan bargo a kan kujera, har wani dattijo ya taɓa shigowa ya zauna yana jiran a zuba masa. Da bazara ba ta sa komai sai duwatsun rafi da lemon tsami a faranti. Duk adon da ta yi sai ta ɗauki hotonsa ta liƙa a wani kundi da take ajiyewa a durowar ƙasa.

Ana nan sai 'yar ƙanwar mai kantin ta gama karatun ƙawata ɗakuna ta dawo. Tun ranar farko ta rataye takardar shaidarta a bango, shi ya sa kafin azahar ma'aikata sun laƙaba mata Difloma.

"Anti," in ji mai kantin, yana sosa ƙeya, "kin san zamani ya canza. Yarinyar nan ta karanto abin. Ke kuma ki huta, ki riƙa kula mana da goge-goge."

"To, Yallaɓai," ta ce.

Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya. Amma ta haɗiye, ta ɗauki tsumma. Abin da ya fara tafasa mata zuciya shi ne ranar da ta shigo ta tarar da butar shayi da kofuna shida da bargo a kan kujera, sak yadda ta yi shekara uku da suka wuce, ga ɗan kati a jingine da sunan Difloma a matsayin mai ƙirƙira. Ta buɗe durowar ƙasa. Babu kundi.

"Ƙanwata, ko kin ga wani littafin hotuna a nan?"

Difloma ta yi mata kallon hadarin kaji. "Wane littafi kuma? Anti, don Allah ki goge nan, yatsun mutane duk sun ɓata gilashin."

Wannan ma ta haɗiye. Na uku ne ya ƙi wucewa a maƙogwaronta. Wata safiya tana durƙushe tana goge ƙafafun teburin, sai hannunta ya taɓa ƙarfe a inda ta saba jin katako. A nan ne, ƙarƙashin leɓen teburin, mijinta ya sassaƙa 'yar alamarsa, wani ɗan tsuntsu da bai fi kan yatsa ba. Yanzu an ɗaure faifan tagulla a kai da kusoshi huɗu, an rubuta sunan wani kamfanin ƙetare wanda babu shi a duniya. A ranar ta ji labarin. Wata mai otal ta ƙyalla ido a kan teburin, Difloma ta gaya mata daga waje aka shigo da shi, kawun nata kuma ya ga ciniki ya manta da maganar da ya yi. Ranar Laraba da ƙarfe uku matar za ta zo a sa hannu.

Anti Tsaf ta ƙarasa goge-gogenta ta tashi. Da ta koma gida ta tarar da Kafinta yana fama da kofin ruwa, rabi a baki rabi a riga. Ta karɓa ta riƙe masa. Ba ta gaya masa komai ba, amma a ranta ta sha alwashin cewa teburin nan ba zai fita daga kantin da sunan wani ƙato ba, kuma yarinyar nan sai ta gane ba ta da wayo.

Difloma da kanta ta kawo mata hanya. Ranar Talata ta fito daga sito rungume da wata kwalbar furanni ta gilashi, zagayayya kamar ƙwallo, girman kan mutum.

"Gobe wannan zan sa. Farin ƙyalle a ƙasa, ruwa garau a ciki, furanni uku kawai. Tunanin ya zo mini jiya ina kwance."

Tunanin yana shafi na tara a kundin Anti, kuma shi ne mafi kyau a ciki. Abin da hoto bai nuna ba shi ne watan da aka ɗauke shi. A tsallaken titi akwai dogayen benaye biyu. Yawancin shekara rana tana faɗawa bayan na hagu tun kafin ta leƙo kantin. Amma a tsakiyar bazara, na wasu 'yan makonni, takan ratso ta tsakanin benayen daga uku saura zuwa uku da rabi, ta sauka a tsakiyar teburin. Shekararta ta farko Anti ta sa ƙwallon nan cike da ruwa a irin wannan lokaci, ta juya baya, sai ga tiren katako yana hayaƙi. Kafinta ne ya yi mata bayani yana dariya, ya ce gilashi mai ciki idan ya cika da ruwa tattara rana yake yi wuri guda har ta zama wuta. Tun daga nan ƙwallon ya zama na damina kawai. Yanzu kuwa tsakiyar bazara ake.

"Kai, ya yi kyau," in ji Anti. "Allah ya ƙara basira. Kawo in wanke miki."

Ba a taɓa wanke kwalba irin wankin da ta yi wa wannan ba. Ta sa sabulu, ta ɗauraye, ta goge da jarida har tana ganin haƙoranta a ciki. Ranar Laraba ta cika ta da ruwan gora, don kada a ce na famfo ya yi duhu. Ta wanke gilashin gaba ciki da waje. Da Difloma ta ce a naɗe labule saboda hoto ya fi kyau da haske, Anti ta naɗe shi har sama ta ƙulle. Ta shimfiɗa farin ƙyallen, ta ajiye ƙwallon.

"Nan ya yi, ko in matsa?"

"Matsa tsakiya. Ba ki da ido ne?"

Ta matsa. Daidai wurin ke nan.

Mai otal ta iso uku saura kwata, ta zagaya teburin tana shafawa, ta ce sai ka ce siliki. Difloma na biye da ita tana zuba bayani kan yadda mutanen ƙetare ke busar da katako. Daga nan suka hau ofis a sama, bayan an raɗa wa Anti cewa ta shige sito kada baƙuwa ta gan ta da tsumma.

Ta shige, amma ta bar ƙofa a buɗe kaɗan, ta ajiye bokitin ruwa kusa da ƙafarta. Ba kantin take son ƙonewa ba. Rana ta ratso. Wani ɗigon haske ya bayyana a kan ƙyallen, fari fat, ido ba ya iya kallonsa. Ya yi rawaya, ya yi ruwan ƙasa. Siririn hayaƙi ya miƙe. Taku goma ne tsakaninta da teburin, kuma ta san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan, ta san hannun da ya goge shi. Ƙafarta ta motsa sau ɗaya. Sai dariyar Difloma ta sauko daga sama, Anti ta mai da ƙafarta inda take. Ta tsaya har warin ƙyalle ya koma warin katako.

Su Difloma suna saukowa kan matattakala wuta ta kama gefen ƙyallen. Mai otal ta yi salati. Difloma ta ƙwalla ƙara ta yar da waya. Anti ta fito a natse ta juye bokitin, ta ɗauke ƙwallon ta ajiye a inuwa, ta janye ƙyallen. A tsakiyar teburin akwai baƙin tabo girman tafin hannu, tsakiyarsa ya lotsa.

"Ita ce!" Difloma ta nuna ta. "Kawu, wallahi ita ta ajiye!"

"Inda kika ce, ƙanwata. Ni meye nawa? Adonki ne, ga sunanki a kati. Ko ba naki ba ne?"

Difloma ta buɗe baki ta rufe. In ta ce nata ne, ita ta ƙone tebur. In ta ce ba nata ba ne, sai a tambayi inda ta samo. Anti ta tsaya tana kallonta tana jin wani sanyi a ƙirji wanda rabonta da shi tun ranar da aka miƙa mata tsumma.

"Ba komai," in ji mai otal. "Ku kira kamfanin su aiko da sabon saman. Zan jira."

Mai kantin ya fara kame-kame, wai jirgi, wai kwastan. Anti ta jawo durowa, ta ɗauko sukudireba, ta durƙusa. Kusoshi huɗu ta kwance, ta ɗora faifan tagullar a kan jiƙaƙƙen teburin.

"Hajiya, leƙa ki ga ɗan tsuntsun nan. Kamfanin yana gidana a zaune, ko kofi ba ya iya riƙewa. Ba za a sake yin irinsa ba."

Matar ta leƙa, ta miƙe, ta dubi mai kantin daga sama har ƙasa, ta ɗauki jakarta. Ko sallama ba ta yi ba.

"Kin sani," in ji mai kantin bayan ƙofa ta rufe. "Kin san haka za ta faru."

"Goge-goge aka ce in yi, Yallaɓai. Kuma na goge."

"Ki tattara ki bar mini kanti."

"Sai dai in tafi da teburin da kundina."

"Kwashe! Itacen girki ne yanzu!"

Difloma ta fito da kundin daga jakarta tana kuka, ba ta ko iya ɗaga kai. Anti ta karɓa ta kaɗe shi, ta ce mata, "Shafi na tara na damina ne." Wannan magana ta yi mata daɗi a baki.

Da la'asar motar ɗaukar kaya ta sauke teburin a tsakar gida, don ƙofar kicin ɗinsu ba za ta ci shi ba. Kafinta ya fito yana jan ƙafa. Da ya gane abin da yake gani fuskarsa ta washe, ya miƙa hannu kamar mai tarbar ɗa daga tafiya. Ya bi gefen da tafinsa mai rawa, ya lalubo tsuntsun, ya ji ramukan kusoshi huɗu. Ya kai hannun saman teburin. Ya tsaya.

Ya daɗe yana shafa tabon. Ya shinshina yatsunsa.

"Ƙwallon gilashi," ya ce.

"Shi ne."

"A wannan watan." Ya ɗago ya dube ta. "Wa ya cika shi da ruwa?"

Ta yi niyyar cewa yarinyar ce, har maganar ta zo bakinta. "Ni ce, Malam."

"Kina ina ya kama?"

"Ina tsaye." Sai maganar ta ɓalle mata. Ta ba shi labarin tsumma da kundi da faifan tagulla, ta gaya masa yadda yarinyar ta yi kuka, yadda mai kantin ya rasa bakin magana. "Sun rufe maka tsuntsu. Za su sayar da kai da sunan wani. Wallahi ban yi nadamar abin da na yi musu ba, ko gobe aka dawo sai na sake."

"Na yarda," ya ce a hankali. "Shekara biyu na yi ina busar da katakon nan, Maman yara. Su kusoshi huɗu suka sa masa, a ƙasa, inda ba a gani." Bai ƙarasa ba. Ya ce ta miƙo masa sanfefa, takardar goge katako, daga akwatin aiki.

Ta kawo. Ya ɗora a kan tabon, ya danna, hannun ya ƙi. Takardar ta zame ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, ta riga shi. Duk daɗin da ta kwaso daga kanti a nan ya zube, kuka ya taso mata ta danne.

"Bi jijiyar katakon," ya ce. "Kada ki gicciye."

Ta goga har kafaɗunta suka yi tsami, baƙin gari ya cika mata farce. Gefen tabon ya washe, amma tsakiyar ta yi zurfi, wutar ta shige ciki. Da ta ga ba zai fita ba, sai ta shiga kicin ta ɗauko farantin lemon tsami, ta zuba 'yan duwatsu, ta ajiye a kan wurin. Ta ja baya ta duba, ta gyara shi kaɗan. Ya rufe tsaf, ba mai cewa akwai wani abu a ƙasa.

Kafinta ya sa hannu biyu, faranti na ƙara, lemo na gangarowa, ya ture shi gefe.

"Bar shi a buɗe," ya ce. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce ta kawo musu abinci su ci a nan.