Danshi a Gindin Bango

Ranar da dillali ya fara leƙo gidan, Maman tagwaye tana tsakar gida tana shanya. Gaisuwar ma a tsaitsaye ya yi ta, ya ɗaga waya ya shiga ɗaukar hoto. Ya ɗauki falo, ya ɗauki ƙofa, ya ɗauki famfo, sai da ya gama sannan ya ce mai gidan ne ya aiko shi, gida ya shiga kasuwa. Rigar makarantar da ta gama matsewa ta suɓuce mata, ta koma cikin ruwan kumfa.

Ta san abin da shiga kasuwa yake nufi, ba labari aka ba ta ba. Bara aka sayar da gidan da yayarta take haya. Wata biyar yayar da mijinta suna zaga gari, duk ɗakin da aka ce ya fita sai su tarar mutum ashirin sun riga su, kowa yana ƙara wa dillali wani abu a hannu. Yanzu yayar da 'ya'yanta uku suna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan dangin miji, gadonta da kujerunta suna jibge a bayan shagon wani, mijin kuma yana kwana a wurin aiki. A garin nan gidan da aka saya bara, bana kuɗinsa ya kusa ninkawa. Sabon gini kuwa ya ɗauke, fili ya ƙare, siminti ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Wannan ma ba sai an gaya mata ba, mijinta magini ne, kuma sati uku ke nan cokalin gininsa yana rataye.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, da hannun mijin nata aka yi wa gidan kwalliyar da za ta kore su. Shekara tara da suka wuce kango ne. Rufi yana yoyo, bango ya tsattsage, ƙofar bayi buhu ne aka rataya. Mai gidan ya ba su da arha don babu mai so. To amma magini irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin tsaga su wuce. Ko dubiya ya je asibiti, sai ka gan shi yana shafa bango da tafin hannu yana tsaki, mara lafiya na kwance yana jiran a ce masa sannu. Yau ya sayo rabin buhun siminti, gobe ya ɗauko ragowar fentin da aka bar masa a wurin aiki, ranar hutu ya hau rufi. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya biya shi. Sannu a hankali kango ya zama gidan da masu wucewa suke waiwaye, har wata rana mai gidan shi ma ya wuce ya waiwaya.

Kwana biyu ba ta iya cin abin kirki ba. Ko mota ce ta tsaya a layin, sai ta leƙa ƙofa. A rana ta uku, bayan tagwaye sun tafi makaranta, ta cika bokiti ta shiga uwar ɗaka, ta janye akwatunan kaya, ta bi gindin bango tana tsiyaya ruwa a hankali. Ta zaga ta baya ta yi haka. Da yamma ta ƙara. Kafin sati ya zagayo, ƙasan bangon ya yi baƙi kusan kamu biyu, ɗakin ya ɗauki warin laima.

Magini ya tsaya a kan danshin kamar wanda aka mara.

"Me kika yi wa bangon nan?"

"Abin da zai bar mu a cikinsa," in ji ta. "Wa zai zuba kuɗinsa a gidan da ke tsatsar ruwa? Idan sun tambaye ka, ka ce harsashin ne ya ruɓe."

"Harsashin da na tona na sake zubawa da hannuna? Ƙarya kike so in yi wa aikina?"

"To kar ka yi ƙaryar, Baban tagwaye. Shiru kawai nake roƙo. Ka tafi bakin titi, ka tafi ko'ina. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Ka ga yadda Yaya ta koma."

Ya ce ya ji, ba zai ce uffan ba.

Dabarar ta ci sau biyu. Na farko mata da miji ne, matar ta toshe hanci da mayafi ta ja mijinta waje. Na biyu wani saurayi ne da ya zo duba wa wansa, ya ɗauki hoton danshin ya tura, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Duk lokutan biyu magini yana bakin titi wajen masu jiran aiki. Amma Maman tagwaye ba ta samu natsuwa ba, don dillali ya fara yi mata wani irin kallo, yana cewa ikon Allah, wata uku rabon da a ga ɗigon ruwan sama amma bango yana gumi.

Na ukun ba a sanar da zuwansa ba. Da hantsi aka yi sallama, magini yana zaune a tsakar gida yana gyara ƙafar kujera, babu damar tura shi ko'ina. Dillali ya shigo da wani mutum mai ƙiba, mai magana a hankali, makullin mota a hannu. Dillali yana ta kiransa ranka ya daɗe, yana faɗa wa iska cewa gidajen haya bakwai gare shi a unguwannin nan. Maman tagwaye ta bi bayansu har ƙofar uwar ɗaka, ta jingina da ƙyaure.

Mutumin bai toshe hanci ba. Ya tsuguna da ƙyar, ya taɓa danshin, ya shinshina yatsa. Ya miƙe ya ƙwanƙwasa bangon da makulli, nan da can, yana girgiza kai.

"Wane ɗan koyo ne ya yi wannan shafen?" ya tambayi dillali, da muryar da za a ji har tsakar gida. "Yashi zalla. Irin maginan nan ne masu karɓar buhu goma su zuba huɗu, su sayar da shida. Harsashin ma na tabbata haka suka cuce shi."

Bugun guduma a tsakar gida ya tsaya.

Ta waiwaya ta ga mijinta ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. Shekara ashirin yana gini, an ce masa mai tsada, an ce masa mai nawa, an ce masa mai taurin kai, amma ba a taɓa ce masa ɓarawon siminti ba.

"Baban tagwaye, zo ka duba min famfon nan, yana zuba," ta ce.

Ko kallonta bai yi ba. Ya ratsa ta gefenta ya shiga ɗakin, ya miƙa wa mutumin gudumar.

"Ranka ya daɗe, makulli ba ya gwada bango. Ga wannan, buga. Buga inda ka ga dama, idan ya zubo ko cikin cokali ne, ka kira ni ɓarawo a gaban iyalina."

"Au, kai ka yi?"

"Ni na yi. Harsashin nan sai da na tona har ƙugu, na zuba dutse, na shimfiɗa leda kafin in ɗora bulo. Ruwa ba shi da hanya."

"To wannan fa?" Mutumin ya nuna baƙin da ke ƙasa.

Ta so ta yi tari, ta so ta saki wani abu ya fashe, amma jikinta ya ƙi motsi. Tana ji tana gani mijinta ya tsuguna, ya shafa wurin da tafin hannu yadda ya saba.

"Ai kai ma ka san gini. Danshin ƙasa in ya taso, fenti yake kumburawa, ya bar fari-fari kamar gishiri. Ina farin a nan? Ina kumburin? Wannan daga sama ya sauka, ruwa ne kawai aka zu..."

Bai ƙarasa ba. Hannunsa yana kan bangon, ya ɗago ido a hankali ya dube ta. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma tsoron da ta gani a cikinta ya fi nata.

Dillali ya saki 'yar dariya ya haɗiye. Mutumin ya ajiye gudumar a kan akwati, ya goge yatsunsa da hankici.

"Ka yi haƙuri da maganar da na yi, malam. Tun a waje aka gaya min magini ne a ciki. Gidan da zan saka kuɗi masu yawa haka, na fi son in ji lafiyarsa daga bakin wanda ya yi shi." Ya juya ga dillali. "Kira mai gidan. A kuɗin da ya faɗa, na saya."

"Ranka ya daɗe," in ji Maman tagwaye, ba ta ma san ta buɗe baki ba, "mu fa? Ko an ƙara mana kuɗin hayar, za mu yi ƙoƙari."

"Baiwar Allah, ba zan yaudare ki ba. Ɗakunan nan sun yi wa iyali ɗaya yawa a wannan zamani. Biyun nan huɗu za su koma, falo ma a raba, ma'aikata marasa iyali suna nan suna jira. Zan ba ku wata uku, ban taɓa fitar da kowa a wulaƙance ba."

Wata uku. Ta shiga lissafa inda za su, ta fara da danginta ta koma nasa, kowane gida ta leƙa a ranta sai ta tarar a cike. Ta ga katifar tagwaye a naɗe a bayan shagon wani.

Mutumin kuwa ya riga ya wuce wurin, yana kallon silin, yana auna tsakiyar ɗakin da taku.

"Malam, tunda kai ka san gidan, aikin rabawar naka ne in kana so. Ba na ciniki da mai aikin kirki. Idan aka ja bango daga nan zuwa can, bulo nawa zai ci?"

Ta jira ya ce a'a. Ta jira ya ɗauki gudumarsa ya fita. Amma sati biyar ke nan yanzu babu aiki, kuma duk ɗakin da za su nema sai da kuɗi a hannu, ta san wannan, shi ma ya sani. Ya miƙe kamar tsoho, ya laluba aljihu ya zaro tef ɗin awo. Ya duba dillali, dillali yana waya. Ya duba mai sayen, hannunsa a baya. Sai ya ja bakin tef ɗin ya miƙo mata, idonsa a ƙasa.

"Riƙe min nan," ya ce.

Ta karɓa. Ta taka ta tsallake katifar tagwaye, ta danna bakin tef ɗin a jikin bango, shi kuma ya ja da baya zuwa ɗaya gefen. Ƙarfen yana ta karkarwa a tsakaninsu, har sai da ya ce mata ta tsayar da hannunta, ba ya iya karanta lambar.